Yashi a Tulun Iri

Assalamu alaikum mutanena, masu biye da ni da masu leƙe ba sallama, duk na gan ku. Mai tuwo a wuta ta sauke, mai waya a caji ta matso kusa da bango. Yau baya za mu koma, zamanin da Sakkwato ke cikin ganuwa, wuri ne kuɗi, jaki ne motar kaya. Ba waya a lokacin, amma akwai dillaliya, kuma wallahi ta fi waya saurin kai magana. Bakin wata yarinya na aro muku, ita za ta faɗi abin da ta aikata da kanta. Na ɗan rage wa Sakkwatancin gishiri saboda Kanawan cikinku, amma in mutanen gidan suka buɗe baki ba ruwana. Ga ta nan.

Sunana Bara'atu, ɗiyar Audi Baduku ta Ƙofar Atiku. In kuka tambaya a unguwa za a ce, "Wacce, mai bakin nan?" To ni ce. Tun ina ƙarama nake kai wa Baba kaya kasuwa, kube da layu da 'yan jakunkunan jar fata, kuma ban taɓa dawowa da kaya ba sai dai in dawo da faɗa. Ina gaya muku haka ne don ku san ba shiru-shiru ce ni ba. Ranar da ya kamata in yi magana ce kawai bakina ya mutu.

Shekarar nan da muke ciki, daminar da ta wuce ruwa ya ɗauke da wuri. Masu gandaye a bayan ganuwa ba su ji komai ba, jakuna na shigo musu da dammuna kamar kullum, har dawakinsu na cin dawa. Mu masu sana'ar hannu cikinmu a kasuwa yake. Gidanmu ko rumbu babu, ina ma wurin gina shi, ɗaki uku ne da tsakar gida da fatu ke shanye a kai. Abin da Baba ya ɗinka yau shi za a auno gobe. Kuma in hatsi ya yi tsada, wa zai sayi kube? Mutum ya rataya wuƙarsa tsirara ya sayi mudu. Fataken da ke kwasar jar fata ma shiru, aka ce sai bayan damina.

Mu shida ne a gidan, Baba da Inna Atika da ni da ƙannena uku. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini, daga nan ya koma kunu, daga nan kunun ya fara nuna mana gindin ƙwarya tun ba a sha ba. Amma Inna mace ce mai tsare mutunci. Kullum da la'asar sai ta zuba dusa a turmi ta miƙo min taɓarya, mu yi ta lugude har da waƙa, maƙwabta su ji. Tukunya na kan murhu, ruwa ne da ganyen tafasa, amma hayaƙi na tashi kamar gidan biki.

"Inna, dusar ga ta gaji da mu," na ce mata ran nan. "Jiya da nid dake ta har gaishe ni tay yi."

"Daka ki rufe mini baki. Kowa da yunwatai cikin unguwar ga, wa kinka ji ya hito ya yi shela?"

Abu ɗaya ne a gidan mai sunan hatsi da ba a taɓawa. Baba na da 'yar gona a bayan ganuwa, ba ta ciyar da mu shekara amma tana riƙe mu wata uku. Irin shukarta ƙanensa ke kawowa, Baffa Na'Allah, manomi a ƙauyenmu na asali, tafiyar safiya guda daga birni. Duk kaka sai Baffa ya zaɓi zangarniyar gero mafi kyau, ya sussuke, ya cakuɗa da toka saboda ƙwari, ya cika tulu, ya liƙe bakin da laka, sannan ya danna tafin hannunsa a kai kafin ta bushe. Hannun Baffa ba ya ɓata, lauje ya datse masa rabin manuni tun yana saurayi, shatin yatsa huɗu da rabi ne. Tulun na ɗakin Baba, bayan tarin fatu. Ban da iri, duk kaka Baffa na turo mana kayan jaki biyu na gero, ba saye ba, zumunci. Da wannan da 'yar gonar muke kai rabin shekara.

Baffa kuma Uwata yake ce min, don sunan mahaifiyarsu na ci. Bai taɓa shigowa birni hannu sake ba, ko goriba uku ce sai ya ƙullo min a bakin riga.

Yanzu ku bari in kawo muku Muntari, na san shi kuke jira.

Ma'auni ne a kasuwa. Ba shi da hatsi, na mutane yake aunawa, ladansa ɗan abin da mai kaya ya ga dama da sharar tabarma. Dogo ne, baƙi, ƙurar gero har a gashin idonsa, magana kuma sai ka roƙa. Ni na fara tsokanarsa. Na tsaya gaban tabarmarsa da jakunkuna a kai na ce, "Malam, kai ko yini kaka yi hannu cikin abinci amma wuyanka awa na zalɓe." Bai ɗago ba, ya share bakin mudu ya ce, "Ke ko yini kika yi da jaka goma bisa kai, ba ko ɗaya mai wuri ciki." Kasuwa ta yi min dariya. Daga ranar na san na gamu da daidai ni.

Saƙonninmu Gwaggo Tani ke ɗauka, yayar babansa, ita ta rene shi. Dillaliya ce, ba gidan da ba ta shiga da ƙwaryar zannuwa da murjani, kuma ba tukunyar da ba ta san abin da ke cikinta ba. Sai ta gama baje wa Inna kaya sannan ta zaro ƙunshin ganye daga ƙugu ta cillo min.

"Yac ce a gaishe ki. Yac ce goron ga hwari na, ki duba ki gani, awa zuciyatai."

"Ki ce mai na gani, Gwaggo. Ki ce har da ɗacin."

"Ja'ira. In ya ɗauke ki ya ɗauki ƙaya."

Wata Talata ta naɗe kayanta, ta tsaya bakin zaure ta ce wa Inna, "Atika, jibi ba da kaya za ni zo ba. Zama za ni yi, in sha ruwan gidanku." Duk mace ta san wannan maganar. Zuwan ganin gida ne, kafin maza su shiga zancen. Kuma kowa ya san Gwaggo Tani da baki take duba gida, ba da ido ba. Akwai gidan da ta sha kunun dusa ta fito ta ce yarinyar kirki ce amma a bari sai kaka, har yau kakar ba ta zo ba.

Inna ta riga ta sayar da mundayenta tun watan jiya. Ta zauna bakin murhu ta ce, "Abin da muka da shi za mu ba ta. Ruwan sanyi da goro. Wanda ka son ki shi so ki haka."

Na ce to. A baki na ce to.

Washegari da rana tsaka Inna ta tafi gidan suna da yara, ko sa sami abin taɓawa. Baba na rumfarsa. Na shiga ɗakinsa na janye fatu. Wallahi da farko kallo kawai na je yi. Sai na ga ai lakar a gefe kawai ta kama bakin tulun. Na jiƙa tsumma na zagaye gefen a hankali, na jira, na sake zagayewa, na ɗauko siririyar wuƙar da Baba ke fiƙe fata na zura. Murfin ya ɗago ɗungurungum, hannun Baffa na kai ko tsagewa bai yi ba. A lokacin har daɗi na ji, na ce kai Bara'atu, Allah ya yi ki da kai.

Na juye geron a tabarma, na ɗebi ƙwarya biyu. Don kar nauyi ya ragu in an ɗaga, na zuba yashi a gindin tulun, na mayar da sauran geron a sama, na kwaɓa jar ƙasa daga jikin katangarmu na liƙe gefen. Na mayar da fatu. Na sheƙe geron, na wanke shi sau uku saboda toka.

Inna ta dawo ta same shi a shanye. Ta tsaya.

"Wanga hwa?"

"Muntari yab bayar. Sharar awo ta. Yac ce kar a hwaɗa ma Gwaggo, kunya shika ji."

Ta ɗebi ɗan kaɗan a tafi ta juya. "Allah shi yi mai albarka. Amma ƙwayar ga manya-manya, awa an zaɓe."

"Ma'auni na hwa, Inna. Tsakuwa kika so shi zaɓo ma surukai?"

Ta yi dariya, dariyar da na kwana biyu ban ji ba. Wannan dariyar har yau tana min ciwo.

Ranar Alhamis na ci ado. Zanen saƙi baƙi mai shuni na Inna na ɗaura, wanda in ka jingina da bango sai ya bar shaida, na yafa fatala, na zizara kwalli har ya kusa kai kunne, lallen shekaranjiya ya kama jajir. Fura kuwa ni na dake ta, da citta da kanumfari da ɗan barkono, na ba wata Bafulatana gero kaɗan ta zuba min kindirmo. Gwaggo Tani ta zauna kan sabuwar tabarma ta kafa ludayi. Ɗaya, biyu, uku. Sai da ta ga gindin ƙwarya ta goge baki.

"Atika, cikin shekarar ga gidanku ka dama hura haka? Lalle Audi namiji na."

Inna ta sunkuyar da kai ta ce rufin asirin Allah ne. Gwaggo ta ƙulle dunƙule biyu a ganye ta ce za ta kai wa ɗanta ya ji hannun matarsa. Ƙannena suka sha ragowar har suna lasar ludayi, ƙaramar ta yi barci zaune da ƙwarya a cinya.

Da na tsaya nan da sauƙi. Amma wanda ya ga yara sun ƙoshi sau ɗaya, ganin su da yunwa kuma sai ya fi na da zafi. Bayan kwana shida na sake jiƙa tsumma. Na sake. Sau biyar na buɗe tulun nan, kullum yashi na hawa gero na sauka, kullum Inna na sa wa Muntari albarka. Ina ce wa raina ai don yara nake yi. Na biyun zuwa na biyar, wataƙila. Na farkon kuwa ni da ku mun san don wa na yi.

Ran nan bayan la'asar Muntari ya zo zance. Na fito ƙofar zaure ina taunar goronsa, na shirya tsokana, sai na ga bai zauna kan dakali ba.

"Babanki ya tare ni bakin masallaci," ya ce. "Ya riƙe hannuna ya yi ta godiya. Godiyar mi, Bara'atu?"

"Wa ya sani, ko don ka rage tsawo ka bar tare mai rana."

Bai yi dariya ba. "Hurar da Gwaggo tak kawo mini, na sha. Ta yi daɗi. Amma can ƙasa-ƙasa na ji toka. Shekara goma ina awo. Geron ci ba a aje shi cikin toka. Iri na."

Na tofar da goron.

"Mi kac ce ma Baba?"

"Na ce ba komi. Mi za ni ce? Kin sa ni ciki ban sani ba." Ya dubi ƙasa. "Nawa yar rage?"

"Akwai."

"Bara'atu."

"Akwai kaɗan."

Ya ce in daina, shi zai nema, amma iri yanzu ba ya fitowa kasuwa, duk mai shi ya ɓoye. Na ce ai ruwa da saura, ko hadari ba a fara ba. Ya ɗaga kai ya dubi gabas.

Kwana huɗu aka yi. Rana ta biyar da azahar sama ta haɗe, aka sheƙa ruwa har tsakar gidanmu ta zama tafki. Unguwa duk murna, yara na tsalle a kwata, Inna na tara tukwane tana hamdala. Ni kaɗai ce a Sakkwato nake roƙon Allah ya ɗauke ruwan nan.

Da hantsi washegari sai ga sallamar Baffa Na'Allah, sungumi a kafaɗa, laka har gwiwa. Haka yake yi duk shekara, ya bar 'ya'yansa na shuka tasa gonar ya zo ya taya yayansa, don ya ce Baba in ya riƙe sungumi kamar allura yake riƙewa.

"Ina Uwata? Zo karɓi, kar birni shi ce na zo hannu wohi." Goriba huɗu ya kwance min daga bakin riga. Na karɓa da hannu biyu, na tafi ɗebo masa ruwa.

Ina dawowa da ƙwaryar ruwa Baba ya riga ya fito da tulun tsakar gida. Ya yi bisimilla ya bugi gefen murfin, ya faɗo gefe guda bai fashe ba. Ya zura hannu yana murmushi. Gero ya kai masa wuyan hannu. Daga nan na ga murmushin ya tsaya. Ya zaro hannun, ya buɗe. Ya kama tulun ya kifar a tabarma. Gero ɗan kaɗan ya zubo, sai yashi, yashi, yashi, har ya binne geron.

Baba ya ɗauki murfin ya juya shi wajen ƙanensa.

"Na'Allah, wanga hannun wa na?"

"Nawa na, Yaya."

"Wa yal liƙe tulun ga?"

"Ni."

"To ta ƙasa yashin yash shiga?"

Baffa ya tsuguna ya ɗebi yashin yana murzawa, kamar zai gane shi. Baba bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga.

"Wata bakwai ɗiyana na kwana da yunwa, ina kallon tulun ga ban taɓa ba. Ashe yashi nika gadi. In ɗan abin da kaka aiko muna ya ishe ka, ka hwaɗa mini, ba sai ka kashe mini shekara ba. Ni nar riƙe ka da Baba ya rasu, Na'Allah."

Baffa ya miƙe. Ya dubi Baba, ya dubi Inna, ya dube ni. Ina tsaye da ƙwaryar ruwa. Ni da na iya mayar wa kasuwa guda magana, harshena ya zama kamar fatar da aka manta a rana. Wayon da na yi na ajiye hannunsa lafiya a kan murfin, shi ne ya ɗaure shi. Da fasa lakar na yi kamar ɓarawon kirki, da ba wanda zai kalli Baffa.

"Allah ya gani," ya ce. Ya saɓa sunguminsa ya fita. Ruwan ma bai sha ba.

Ku gane abin da ya fita ta ƙofar nan. Ba iri kawai ba. Danshin ruwan farko kwana biyu ne ko uku, in ya wuce sai jiran wani. Kuma kayan jaki biyun nan na kaka, da su muke rayuwa, sun bi bayansa. Ga shi na ɓata sunan mutumin da ya taso tun asuba ya bar gonarsa don tamu.

Inna ta zauna tana tsince gero daga yashi da faifai, ƙwaya-ƙwaya. Na zauna ina taya ta. Ba ta ko dube ni ba, don ba ta zarge ni ba. Wannan ya fi duka zafi.

Bayan la'asar Gwaggo Tani ta yi sallama, ba ƙwaryar zannuwa a kanta, wani ɗan buhun saƙa ne. Labari ya riga ya zaga unguwa, ba sai na ce muku ta bakin wa ba. Ta sauke gaban Baba.

"Malam Audi, ɗana yac ce a kawo maka. Iri na, ƙwarya ɗaya da rabi. Rigatai ta sallah yab bayar anka ba shi, ban hana ba." Ta juyo wajena ta rage murya, amma muryar Gwaggo ko ta rage ana ji a zaure. "Ke kuma yac ce in ce miki, abin da anka rufe a bar shi rufe. Ni ban gane ba, ku kunka san shirmenku."

Ni na gane. Hanya ce ya buɗe min. In yi shiru, a shuka abin da ya samu, Gwaggo ta ci gaba da yabon gidanmu, bayan kaka a ɗaura aure. Ba wanda zai sani sai ni da shi. Wallahi raina ya so. Har na ji numfashina ya dawo.

Inna na share hawaye tana sa albarka. Baba ya buɗe buhun ya duba ƙwayar, ya daɗe yana jinjina kai, sannan ya ce, "Kin gani, Atika. Bare ya yi abin da ɗan'uwa yak kasa. Daga yau ba ni da ƙane. In na mutu kar a aika ƙauye."

Goribar Baffa na ƙulle a bakin zanena, tana taɓa min cinya.

Na tashi na ɗauko tulun na ajiye gaban Baba. Na ɗauko murfin na ɗora. Na shiga ɗakinsa na fito da siririyar wuƙar, na jiƙa tsumma a randa, na zagaye gefen murfin yadda na saba, na zura wuƙar na ɗaga. Hannuna ya san aikin, ko rawa bai yi ba. Sannan na juya murfin na nuna masa gefen.

"Baba, duba. Laka biyu ta. Baƙar ta hwadamar su Baffa ta. Jar ta katangarmu ta."

Ya karɓa ya kai kusa da ido. Baduku ne, ya san ɗinki biyu in ya gani.

"Sau nawa?"

"Biyar."

"Geron da anka ce yaron ga ka aikowa?"

"Bai taɓa aikowa ba. Bai sani ba sai daga baya."

Gwaggo Tani ta dafe ƙirji. "Hurar da nish sha?"

"Ita ta ta hwari, Gwaggo."

Inna ta ajiye faifan a hankali. "Na ci," ta ce, ba da kowa take ba. "Na ba yara. Na tsaya nan ina ji ana ci ma Na'Allah mutunci, da irinai cikin cikina."

Na jira mari. Na so a mare ni. Baba bai taɓa ni ba. Gwaggo ta gyara mayafi ta ce bari ta je, yamma ta yi, ta fita ba ta ce a gaishe da kowa ba. Buhun dai ta bar shi.

"Kwashe yashin ga ki maida cikin tulu," Baba ya ce. "Dut. Gobe in an buɗe ƙohwa ke za ki aza shi."

Haka aka yi. Da sassafe muka fita zuwa ƙauyen Baffa, Baba a gaba, ni a baya da tulun yashi a kai, murfin a hannu. Duk wanda muka wuce a gona sai ya ce sannunku, Allah shi ba da damina, suna zaton iri na ɗauko. Wuyana kamar zai karye, ban ce a tsaya ba, shi ma bai waiwayo ba.

Mun sami Baffa a gonarsa yana sara, 'ya'yansa na bin sa da ƙwarya suna zubawa. Ya gan mu ya ci gaba da sara. Baba, yayansa, ya cire takalmi a bakin gona ya taka laka ya je ya tsuguna gabansa. Ban taɓa ganin Baba a tsugune gaban mutum ba sai a makabarta. Na sauke tulun, na faɗi komai, wannan karon da baki.

Baffa ya jingina da sungumi yana saurare. Da na gama ya ce, "Uwata, da kin aiko kin ce yunwa, ko dusa ta da mun raba."

"Na hwarin ba yunwa ba ta, Baffa. Baƙuwa anka yi."

"Baƙuwar saurayi?"

Na sunkuyar da kai. Ya ɗan yi dariya ta hanci, ba irin wadda na sani ba. Ya kira babban ɗansa ya ce ya kawo abin da ya rage a ƙwarya. Yaron ya ce, "Baba, na gefen tsamiya na." Ya ce ya sani. Ya juye a bakin zanena da hannunsa mai yatsa huɗu da rabi.

Ya kama Baba ya tashe shi. "Ya wuce, Yaya. Amma ka ce kai kar riƙe ni da Baba ya rasu. Ban san kana lissahi ba." Baba ya buɗe baki, Baffa ya girgiza kai. Bai biyo mu birni ba, karon farko tun da aka haife ni. Muna juyawa ya kira ni.

"Bar tulun nan. Da kaka ki zo. Ke za ki zaɓi iri, ke za ki liƙe, hannunki za ki aza bisa."

Da na Baffa da na Muntari da wanda Inna ta tsince, mun shuka gonarmu rabi da ɗan ɗori, ni na bi bayan Baba ina zubawa ina takewa. Sauran ta tsaya fili. Gefen tsamiyar Baffa ma ya tsaya fili, kuma 'ya'yansa bakwai. Duk tuwon da za a rasa a gidaje biyun nan bana, na san inda ya tafi, a ƙwarya na dama shi da citta da kanumfari. Inna ta daina lugude da la'asar. Ta ce unguwa ta riga ta sani, a bar dusa ta huta.

Kwana shida Gwaggo Tani ba ta leƙo ba, Muntari bai zo ƙofar zaure ba, ni kuma na daina bi ta layin ma'auna. Yau da hantsi ta yi sallama. Ba ta baje kaya ba. Ta zaro ƙunshin ganye daga ƙugu, ba ta cillo ba kamar da, ajiyewa ta yi a ƙasa gabana.

"Yac ce ki buɗe ke ɗai. Wanga nashi na. Nawa saƙon, uwarki za ni hwaɗa ma." Ta shige ɗakin Inna ta saki asabari.

Ga ƙunshin nan a gabana, na taɓa shi, bai yi min kama da goro ba. Ni da na buɗe tulun da aka hana sau biyar, na kasa kwance ganye ɗaya da aka ce in kwance.

To ku faɗa min gaskiya, kar ku yi min kara. Ranar da Gwaggo ta kawo buhun nan, hanya a buɗe, aure a hannu, ba mai sani sai ku da shi. Da ku ne, za ku ɗauko tsumman nan ku jiƙa a gaban Baba, ko za ku bar abin da aka rufe a rufe?